Yadda Ƙaramar Hukuma Za Ta Amfana da Binciken Jami'a

Shugaban ƙaramar hukuma ya fara da ware matsala guda, misali ciyawar wuta-wuta da ke ƙuntata masara a gonakin yankinsa. Daga nan ya tura malaman gona zuwa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda ta fitar da ire-iren masarar SAMMAZ, wasunsu masu jure wannan ciyawa.

Kada a yi gaggawar rabon iri, domin manomi ba ya gaskata takarda sai abin da idonsa ya gani. A nemi dagaci ya ba da gona a bakin hanyar kasuwa, a shuka sabon irin gefe guda, tsohon a ɗaya gefen, sannan ranar girbi a auna buhunan a gaban jama'a. Sakamakon ne za a sanya cikin kasafin kuɗin baɗi.