Yadda Za Ka Samu Sauti Mai Tsafta Daga Kwamfutarka Ba Tare Da Ɓarnar Kuɗi Ko Data Ba

Sauti yana ratsa hannuwa da yawa kafin ya iso kunnenka: mai ɗauka a sutudiyo, fayil ɗin da aka adana shi a ciki, layin intanet da ya kawo shi, manhajar kwamfuta, na'urar da ke mayar da lambobi su zama sauti, sannan lasifika da ɗakin da kake zaune. Al'amarin kamar ruwa ne, idan ya gurɓace tun daga rijiya babu randar da za ta tsarkake shi, komai kyanta. Saboda haka ya kamata gyara ya bi tsari, a fara da asalin ɗaukar, a bi ta lasifika da ɗaki, a bar batun saurin intanet a can baya, domin a ganina shi ne mafi ƙanƙantar matsala duk da cewa shi aka fi ɗora wa laifi.

Fara da fahimtar lambobi biyu da ke jikin kowane fayil. Lokacin da kamfanonin Philips da Sony suka fito da faifan CD a shekarar 1982, sun tsayar da ma'auni guda: a auna sauti sau 44,100 a kowane sakan, kuma kowane awo a rubuta shi da bit 16 (bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta a kwamfuta, 0 ko 1). Lambar farko ita ke ƙayyade sirantar muryar da fayil zai iya ɗauka, kuma ƙa'idar ita ce rabin lambar, wato kusan kaɗawa 22,000 a sakan. Kunnen yaro mai lafiya yana tsayawa ne a wajen 20,000, na babba kuwa yana raguwa da shekaru. Lamba ta biyu ita ke ƙayyade tazarar da ke tsakanin sautin da ya fi kowane laushi da wanda ya fi kowane ƙarfi, abin da zan kira tazarar raɗa da tsawa. Da desibel ake auna ƙarfin sauti, kuma kowane bit ɗaya yana ba da kimanin desibel 6, don haka bit 16 yana ba da kusan desibel 96, bit 24 kuma desibel 144 a lissafin takarda.

A nan ne ya kamata mai saye ya tsaya ya yi ɗan lissafi kafin 'yan talla su ruɗe shi. Ɗaki mai shiru sosai da tsakar dare yana da hayaniyar kansa ta kimanin desibel 30. Idan kana son jin raɗar da ke ƙasan faifan CD a irin wannan ɗaki, dole ka ƙara murya har tsawar da ke samansa ta haura desibel 120, kuma wannan matsayi ne da kunne ke fara jin zafi. To ina ga ɗakin da fanka ke juyawa a sama, janaretan maƙwabci na ruri a bayan taga, babura na wucewa a layi? A irin wannan wuri rabin abin da ke cikin faifan CD ma ba ya isa kunne, balle ƙarin da bit 24 ke alkawari. Wanda ya rufe taga, ya sa labule mai kauri, ya shimfiɗa darduma a kan tayil, ya fi wanda ya sayi fayil mai manyan lambobi cin riba.

Abin da ya fi cutar da sauraro shi ne yadda ake matse sauti tun a sutudiyo. Daga shekarun 1990 kamfanonin waƙa suka shiga gasar wa zai fi wani ƙara, domin an lura cewa idan aka jera waƙoƙi biyu, kunne yakan zaɓi wadda ta fi ƙarfi ko da ba ta fi kyau ba. Tun da akwai iyakar da sautin lambobi ba ya iya tsallakewa, dabarar da ta rage ita ce a ɗaga sassa masu laushi a danne masu ƙarfi har komai ya zama tsayi ɗaya. Sakamakon shi ne bugun ganga ya rasa naushinsa, mawaƙi ya ja numfashi da ƙarfin da yake rera baiti, kunne kuma ya gaji bayan ɗan lokaci ba tare da mai shi ya san dalili ba. Kana iya ganin wannan da idonka. Ka sauke manhajar Audacity, wadda kyauta ce, ka jawo waƙa cikinta ka dubi hoton sautin. Idan ka ga tsaunuka da kwaruruka, sirara a nan masu kauri a can, an bar waƙar tana numfashi. Idan kuwa ka ga ta cika layin fal daga farko zuwa ƙarshe kamar bulo, an matse ta, kuma ko a wane irin fayil aka zuba ta haka za ta fito. Saboda haka idan waƙa ɗaya tana da bugu biyu, tsoho da wanda aka sabunta, kada ka ɗauka sabon ne ya fi. Ka buɗe su duka ka gwada.

Maganin da ke hannunka shi ne daidaita ƙarfin murya. Spotify yana jawo kowace waƙa zuwa ma'aunin ƙarfin murya guda da ake rubutawa -14 LUFS, Apple Music yana da nasa mai suna Sound Check, masu fayiloli a kwamfuta kuma suna da ReplayGain a manhajojin kunna waƙa irin su foobar2000. Ka kunna shi. Ba ya gyara waƙar da aka matse, amma yana ƙwace mata fifikon ƙara, sai ka ji bambancin inganci a fili, kuma ba za ka riƙa zabura kana rage murya duk lokacin da waƙa ta canja ba.

Batun fayil kuwa gajere ne. MP3, wanda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta jagoranci ƙirƙirarsa, yana zubar da sassan da ake ganin kunne ba zai lura da su ba, kuma mafi girmansa kilobit 320 ne a sakan (kilobit ɗaya bit dubu ne). FLAC, wanda ya fito a 2001, ba ya zubar da komai, yana naɗe fayil ne kawai ya rage kusan rabinsa. Abin kiyayewa guda ne: abin da aka zubar ya tafi ke nan. Waƙar da aka ciro daga YouTube, ko ta yi ta yawo daga waya zuwa waya ana canja mata siffa, ko aka tura maka a shagon masu zuba waƙoƙi a memori, ba za ta koma sabuwa ba don an mayar da ita FLAC. Za ta ƙara nauyi ne kawai ta cinye maka wuri.

Yanzu ga lissafin intanet. Ka ninka 44,100 sau 16 sau 2, saboda lasifikar hagu da ta dama, za ka samu kilobit 1,411 a sakan, wato ƙasa da megabit 1.5. Wannan shi ne cikakken sautin CD ba tare da an taɓa shi ba, idan an naɗe shi da FLAC kuma yakan sauko ƙasa da megabit 1. Fayil mai bit 24 da awo 96,000 yana cin megabit 4.6, mai awo 192,000 kuma megabit 9.2 kafin naɗewa. Kwatanta da bidiyo: Netflix yana ba da shawarar megabit 15 don kallon hoto mai ingancin 4K. Ke nan layin da ke iya ɗaukar bidiyo mai kyau ya riga ya wuce buƙatar sauti nesa ba kusa ba. Ka lura kuma da bambancin megabit da megabait, domin kamfanonin sadarwa da na farkon suke talla, kwamfuta kuma da na biyun take nuna saurin saukewa. Raba da 8 ake yi, layin megabit 8 yana sauke megabait 1 a sakan.

Inda takalmin ke matsa ƙafa shi ne yawan data da kuma tsayuwar layi. Awa ɗaya ta sautin CD da ba a naɗe ba tana cin megabait 635, ta FLAC kimanin 300 zuwa 400, ta MP3 mai kilobit 320 megabait 144, mai kilobit 128 kuwa ba ta kai 60 ba. Wanda ke sauraron awa 3 a kullum da ingancin FLAC zai ƙone kusan gigabait 1 a yini, wajen 30 a wata, kuma ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hanyar da ta fi dacewa ita ce ka sauke abin da kake yawan ji sau ɗaya, da dare lokacin da layi ya yi sauƙi ko aka yi rangwamen data, ka ajiye a kwamfuta, ka bar sauraro kai tsaye ga sababbin abubuwan da kake ɗanɗanawa, su ma a matsakaicin inganci. Idan waƙa tana yankewa, ka gwada layinka a fast.com ko Speedtest sau uku, da safe da yamma da dare. In lambar tana hawa da sauka sosai, ƙarin sauri ba zai magance ba; ka matso da na'urar Wi-Fi kusa da taga idan da layin waya take aiki, ka koma zangon Wi-Fi na 5 GHz idan kana kusa da ita, ko mafi kyau ka ja kebul daga ita zuwa kwamfuta. Ka sani kuma cewa wasu manhajojin suna rage inganci da kansu a ɓoye idan layi ya yi rauni, don haka ka shiga saitinsu ka kashe zaɓin atomatik.

A cikin kwamfutar kanta, Windows yana haɗa duk sautukan da ke fita, na waƙa da na saƙo da na burauza, ya mayar da su ma'auni ɗaya. Ka shiga saitin Sound, ka zaɓi na'urar da kake amfani da ita, ka kashe duk abin da ke ƙarƙashin Audio enhancements, domin yawancinsu ƙarin gishiri ne a miyar da ta riga ta ji. Sannan ka sa ma'aunin fita a bit 24 da awo 44,100 idan galibin abin da kake ji waƙoƙi ne, ko 48,000 idan bidiyo ya fi yawa. Bit 24 a nan yana da amfani ko da fayil ɗinka mai 16 ne, saboda yana ba kwamfuta sarari ta rage murya ba tare da ta yanke komai ba. Mai son waƙar ta tafi kai tsaye ba tare da an taɓa ta ba sai ya zaɓi hanyar WASAPI ta keɓewa a foobar2000, da sanin cewa sauran sautukan kwamfuta za su yi shiru har ya gama. A kwamfutar Mac ana yin wannan saiti a Audio MIDI Setup.

Akwai wata damuwa da na sha fama da ita wadda babu saitin da ke gyarawa. Na haɗa laftof da amfilifaya, waƙa ba ta ma fara ba sai ga wani ƙugi siriri a lasifika, da na motsa linzamin kwamfuta sai ya ƙara da wani tsitsi. Na zare caja, nan take ɗakin ya yi tsit. Na mayar, ƙugin ya dawo. Wannan gwaji na sakan 5 shi ne farkon abin da za ka yi. Idan ƙugin ya tafi da cire caja, hayaniyar wutar lantarki ce ke shiga ta kebul, kuma takan tsananta da caja maras kyau ko wutar janareta. Ka haɗa kwamfuta da amfilifaya a kan soket ɗaya, ka raba kebul ɗin sauti da na wuta, in bai tafi ba ka sayi 'yar na'urar keɓe hayaniya da ake sa wa a tsakanin kebul. Kada ka karya ƙafar filogi ta uku don neman shiru, domin ita ce ke kare ka daga jan wuta. Idan kuwa ramin iyafis na kwamfutar ne da kansa ke da shuu, ƙaramar na'urar DAC, wato mai mayar da lambobi su zama sauti, mai shiga ta USB, wadda ba ta fi yatsa ba, takan wadatar. Bluetooth yana da sauƙin sha'ani, amma yana zubar da wani sashe na sauti kamar yadda MP3 ke yi: tsarin SBC da kowace na'ura ke da shi yana tsayawa a wajen kilobit 328, LDAC na Sony kuma a 990, duka ƙasa da 1,411. Mai sauraro ta Bluetooth da ke biyan datar FLAC yana zuba ruwa ne a kwando.

Ga mai ɗaukar sauti da kansa, ko karatu ne ko wa'azi ko shirin tattaunawa, a nan ne bit 24 ke da cikakken amfani. Ka saita makirfo yadda mafi ƙarfin maganar zai tsaya tsakanin -12 da -6 a ma'aunin manhaja, kada ya taɓa sifili, wanda shi ne iyakar sama ta ma'aunin. Mai magana yakan fara a hankali, sai zance ya yi zafi ya ɗaga murya, kuma duk abin da ya bugi sifili ya tsage ke nan har abada, alhali ɗaukar da ta yi ƙasa ana iya ɗaga ta daga baya ba tare da asara ba. Ka kashe fanka na tsawon ɗaukar, ka sa makirfo kamar taƙi ɗaya daga baki, ka adana asalin a WAV ko FLAC, waɗanda ba sa zubar da komai, sai ka fitar da MP3 daga gare shi don rabawa.

Kafin ka biya kuɗin wani tsari mai tsada, ka gwada kunnenka a makance. Akwai ƙarin manhaja na foobar2000 mai suna ABX da ke ɓoye maka wane fayil ne ke tafiya, ya sa ka zaɓa sau da yawa tsakanin FLAC da MP3 na waƙa ɗaya. Idan a gwaji 16 ka dace sau 8 ko 9 kawai, canka ce kake yi, kuma MP3 mai kilobit 320 ya ishe ka a kan kayan da kake da su yanzu; kuɗin sai su tafi ga hedifon mai rufe kunne ko lasifika biyu da za ka ɗora daidai tsayin kunnenka, ka ɗan janye su daga bango, tazararsu da juna daidai da tazararsu da kujerarka. Yayin gwajin ka riƙe murya a matsakaici, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ga babba, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi.