Yadda za ka zaɓi filtar iska ta mota kar a yi maka sakiyar da ba ruwa

Duk wanda ke tuƙi a arewa ya san yadda ƙura ke yi mana daga Nuwamba zuwa Fabrairu, to injin motarka ma shaƙarta yake yi kuma ba kaɗan ba, domin injin fetur sai ya zuƙi iska kusan kilo 14.7 kafin ya ƙona kilo 1 na mai, wato duk lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska wajen lita dubu goma. Wannan iskar duk ta cikin filtar nan take bi, idan filtar ba ta da kyau yashi ya wuce, a hankali zai dinga cin ringi da bangon silinda har ka fara ganin mota tana shan man juye tana fitar da hayaki. Shi ya sa ni a wajena abin da ya fi muhimmanci a filta shi ne ta tare ƙura, maganar ƙara gudu ta biyo baya.

Kafin ka je Kofar Ruwa ko Panteka, ka buɗe akwatin iya kilina, wato inda filtar take, ka ciro tsohuwar ka tafi da ita, ko ka ɗauki hoton lambar da ke jikinta. Kar ka ce wa mai shago "ba ni ta Corolla" kawai, Corolla 2005 da Corolla 2012 ba filta ɗaya suke sha ba. Lambar filtar iska ta Toyota tana farawa da 17801, ta Honda kuma 17220, sauran lambobin da ke biye su ne ke nuna wace mota ce. Kamfanoni irin su Denso da Mann-Filter da Mahle da Bosch duk suna yin wadda ta yi daidai da waɗannan lambobin, kuma Denso ma yana cikin masu yi wa Toyota kaya tun daga masana'anta, don haka ba dole sai kwalin da aka rubuta Toyota ba.

Amma fa kwali ba ya nuna komai, jabu ya cika kasuwa. Ka ciro filtar daga kwalin ka duba da idonka. Ka danna robar gefenta da yatsa, ta zama mai laushi tana dawowa, in ta bushe ƙyam ko kana ganin gam ya zubo wani wuri wani wuri babu, ajiye ta. Ka ɗaga ta saitin rana ko ka haska fitilar waya ta baya, haske ya fito daidai ko'ina, in ka ga wani ɗigo yana haske fiye da sauran to huji ne, nan yashi zai bi. Sannan ka gwada yawan ninkin takardar da na tsohuwar taka, masu arha suna rage ninki don su rage kashe kuɗi, ita kuma da wuri take toshewa. Robar nan ce mutane suka fi rainawa alhali ita ce komai, filta mai tsada da ba ta zauna daram a akwati ba iska ta gefe za ta bi.

Sai maganar filtar K&N, wadda samari ke so. Ta Amurka ce, auduga ce da aka shafa wa mai, ana wanke ta a sake amfani da ita, kuma gaskiya iska ta fi wucewa ta cikinta. Matsalar ita ce inda iska ta samu hanya ƙura mai laushi ma tana samu, kuma in ka wanke ka labta mata mai da yawa, man zai iya taɓa sensar MAF da ke bayan akwatin, wadda ke auna iskar da ke shiga injin, sai fitilar check engine ta kama mota ta fara ciccijewa. A kan Camry ko Accord da kake zuwa aiki da ita ba za ka ji wani bambancin gudu ba, sai dai ƙarar injin. Masu cire akwatin gaba ɗaya su saka mai siffar mazurari kuwa, iskar zafi ta cikin bonet suke ba injin, in kuma an saukar da bututun ƙasa ka shiga ruwa da damina injin ya sha, shi ke nan. Ni ta takarda mai kyau nake ba da shawara, sai dai in ka san za ka kula da wankin yadda ya kamata.

Mai shago zai ce maka sabuwar filta za ta rage maka shan mai. A motocin kafireto irin Peugeot 504 haka ne, amma a masu injekta kwamfuta ce ke daidaita mai da iska, wani binciken da cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta yi a 2009 ya nuna filta da ta toshe ƙarfin mota take ragewa ba shan mai take ƙarawa sosai ba.

Kar ka bi lissafin kilomita na littafin mota ido rufe, shi kansa littafin ya ce a wuri mai ƙura a canza da wuri. Duk juyen mai ka ce wa makanike ya buɗe ka gani da idonka. Kuma don Allah a daina kai wa mai faci ya hura mata iska da ƙarfi, takardar yagewa take yi ba ka gani. Idan za ka saka sabuwa ka goge cikin akwatin da tsumma mai ɗan laima, ka leƙa bututun da ya nufi injin, in ka ga ƙura a ciki to tsohuwar tana yoyo ko murfin bai rufu ba, ka tabbatar duk maƙalan sun kama kafin ka rufe bonet.