Kurakuran da muke yi wajen gyaran bakin yara

Da yammacin wata Alhamis, ina dawowa daga kasuwar Dole, na ratsa wani lungu a Birni sai na tarar da mata zaune a ƙofar gida suna ta ƙyalƙyala dariya. Wani yaro ne da bai kai shekara 3 ba ya ware yatsunsa biyar ya yi wa yayarsa daƙuwa yana cewa "uwaki". Ɗaya daga cikin matan har cewa take: "Sake yi mata, Baba!" Ya sake, aka sake darawa. Na wuce raina a ɓace, don na san ranar da yaron nan zai kai shekara 10 ya faɗa wa malaminsa na lakwal, wato makarantar boko, wannan kalma, matan nan ne za su fara neman bulala.

Wannan kuskure shi ya fi yawa a gidajenmu na Damagaram. Ƙaramin yaro bai san ma'anar ashar ba, abin da ya gane kawai shi ne kalmar tana sa manya su waiwaye shi da fara'a. Gyaran ba ya bukatar duka. A haɗe fuska, a riƙe hannun da ya yi daƙuwar, a ce masa: "Ba a faɗin wannan a gidan nan." Sannan a ja kunnen manyan gidan, musamman yayye da goggonni, domin uwa ita kaɗai ba ta iya hana abin da mutum biyar ke tafa wa. Duk mai ganin abin wasa ne ya tuna hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito. Annabi (SAW) ya lissafa zagin iyaye cikin manyan zunubai, sahabbai suka yi mamakin yadda mutum zai zagi iyayensa, sai ya bayyana musu cewa zai zagi uban wani ko uwarsa, wancan kuma ya rama.

Kuskure na biyu ya fi wuyar faɗa, don namu ne mu manya. Muna son yaro mai daɗin baki, amma tun asuba abin da yake ji shi ne "ɗan banza", "jaki", "Allah wadaran ki". A watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma famfo ya yi kwanaki bai kawo ruwa ba, ku je ku saurari abin da ke fita daga bakin uwaye a layin jarkoki, da goyo a baya da wani a hannu. Na san gajiya ce, na san talauci na sa zafin zuciya. Amma kunnen yaro ba ya tace wannan uzuri.

Ni a cikin gidana na gane haka. Wata rana mai garuwa, dattijo da furfura, ya shigo da ruwa, sai na ji ɗana mai shekara 6 ya ce masa: "Kai, zuba a nan, ka yi sauri." Na ɗaga hannu zan make shi, sai jikina ya yi sanyi, domin muryata ce sak na ji. Haka nake yi wa bawan Allahn nan kullum ba tare da na lura ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaro yana kallon yadda kake magana da hakimi, amma ya fi koyo daga yadda kake magana da almajirin da ke bara a zaure, da yarinyar aiki, da ɗan kabu-kabu. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10 tun yana yaro, kuma ya shaida cewa bai taɓa ce masa ko "uf" ba. Ban da wannan, an hana mu yi wa ƴaƴanmu mugun baki, kuma kowa a garin nan ya san yadda ake tsoron bakin uwa.

Sai kuma yawan "yi mini shiru". Muna hana yaro mummunar magana, ba mu ba shi kyakkyawar da zai sa a gurbinta ba. Yaron da aka ƙwace wa ƙwallo haushi yake ji da gaske, in ba ka koya masa cewa "Ban ji daɗi ba, ba ni abina" ba, zagi zai jawo. Kafin ki aike shi maƙwabta, ki tsayar da shi ya maimaita saƙon a gabanki: sallama tukuna, sai gaisuwa, sannan "Inna ta ce a gaishe ki, ta ce don Allah ki ara mata turmi." Minti ɗaya ne, amma da irinsa bakin yaro ke sabawa da "sannu da aiki", "na gode" da "yi haƙuri".

Batun wasa na bukatar lura. Muna da wasan barkwanci tsakanin Barebari da Fulani, da na taubasai, da na kaka da jika, har hukumar UNESCO ta sa al'adar barkwanci ta Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Ban ce a hana yara shi ba, ado ne a wurinmu. Sai dai yaro na ganin ana tsokanar kaka ana dariya, sai ya ɗauka kowane tsoho abokin wasansa ne. A nuna masa wa ake yi da shi, da inda ake tsayawa. Kiran mutum da naƙasarsa ko da asalin gidansu ba ya cikin wasa, kuma aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana jifan juna da munanan laƙabi.

Masu aiken yaro da habaici zuwa ɗakin kishiya, da masu yi da maƙwabciya a gabansa sannan su tarbe ta da murmushi, su daina. Fuska biyu suke koya masa.

Akwai kalma guda da mu iyaye muke jin nauyin furtawa: "Ka yi haƙuri, na yi kuskure." Muna ganin kamar girmanmu zai zube. Ranar mai garuwar nan ban doki ɗana ba. Na fita tsakar gida a gabansa na ce wa dattijon: "Baba, sannu da ƙoƙari, ka yafe mini yadda nake yi maka magana." Ya yi murmushi ya ce ba komai. Na ci gaba da gaishe shi haka kullum, ban ce wa yaron ya yi ba. Sai da aka ɗauki makonni kafin wata safiya na ji shi daga ɗaki yana cewa: "Baba, ina kwana? Inna ta ce a zuba a randar can."