Darasi na Goma Sha Biyu: Ɗan Gajimaren da Ba Gajimare Ba

A daren da babu farin wata, in mutum ya yi nesa da fitilun gari ya ɗaga kai wajen arewa, zai iya hango wani ɗan tabo dishi-dishi a tsakanin taurari, kamar an shafa alli da yatsa a jikin allo. Sunansa Andiromeda. Birnin taurari ne sukutum, wato taron taurari masu ɗimbin yawa da ke juyawa tare, kamar yadda ranarmu take cikin nata birnin, wanda Turawa ke kira Hanyar Madara.

Haske yana gudun kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga rana zuwa nan, minti takwas da 'yan kai ya ishe shi. Amma daga Andiromeda, sai ya yi tafiyar shekara kusan 2,500,000 kafin ya iso idonmu. Ku rubuta wannan lamba a littafinku, ku ƙirga sifirin da ke cikinta, sannan ku karanta ta da ƙarfi: miliyan biyu da dubu ɗari biyar. Duk da haka, a cikin manyan biranen taurari masu irin siffarsa, shi ne maƙwabcinmu na kusa.

Siffar tasa kamar faifai take, tsakiyar ta kumbura tana ƙyalli, ga hannuwa na taurari da ƙura sun murɗe kewaye da ita kamar bayan katantanwa. Mu a karkace muke ganinsa, shi ya sa yake fitowa da ɗan tsawo. Masana na ƙiyasta taurarinsa sun kai wajen tiriliyan ɗaya. Tsakiyar kawai ido ke kamawa. Da duka zai fito, faɗinsa a sama zai ninka na cikakken wata wajen sau shida.

Rubutu mafi daɗewa da aka sani a kansa na wani malamin taurari ne Bafarishe, Abdurrahman al-Sufi. Wajen shekarar 964 ya sa shi a littafinsa na siffofin taurari, ya kira shi ɗan ƙaramin gajimare. Da ido kawai ya gan shi. A 1612 wani Bajamushe, Simon Marius, ya leƙa shi da madubin hangen nesa, ya kwatanta shi da harshen kyandir da ake gani ta cikin ƙaho. A 1764 Charles Messier na Faransa ya ba shi lamba 31 a jerinsa, har yau kuwa M31 ake rubutawa. Abin dariya, taurari masu wutsiya Messier yake farauta, jerin nasa na abubuwan da ke ruɗa shi ne don kada ya sake ɓata lokaci a kansu.

To, amma mene ne shi? Nan gardama ta daɗe. Wasu suka ce hayaƙi ne a cikin birninmu, wasu suka ce wani birni ne daban can nesa. Ba mai iya raba gardamar sai an auna nisansa.

Wata Ba'amurkiya, Henrietta Leavitt, ita ta samo ma'aunin. Ta lura da wasu irin taurari da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida. A 1912 ta nuna cewa wanda ya fi daɗewa kafin ya kammala zagaye ɗaya, shi ya fi haske na ainihi. Ku kwatanta da fitila. In kun san ƙarfin fitilar da wani ya riƙe cikin dare, kuka gan ta ta dushe, kun san ya yi nisa, har ma ku iya kintatar nisan. Ƙirga kwanakin tauraron shi ke faɗa maka ƙarfin fitilarsa, dushewarsa a ido kuma ta faɗa maka nisansa.

A watan Oktoba na 1923, Edwin Hubble yana aiki da madubi mai faɗin inci 100 a kan Dutsen Wilson a Kalifoniya, sai ya sami irin wannan tauraro a hoton Andiromeda. Da farko ya ɗauka sabon tauraro ne da ya ɓarke, ya sa masa alamar N, wato nova, sunan irin wannan tauraro, daga baya ya soke ta da ya gane kuskurensa. Tauraron na kammala zagayensa cikin kwana 31. Lissafin Hubble ya ba shi nisan tafiyar haske ta shekara kusan 900,000. Bai kai rabin gaskiyar ba, sai daga baya aka gyara, amma ko a hakan ya zarce iyakar birninmu nesa ba kusa ba.

Andiromeda yana matsowa wajen birninmu da gudun kilomita kusan 110 a daƙiƙa. Kada wannan ya hana kowa barci, maganar biliyoyin shekaru ake kafin ya iso kusa da mu.

Aikin gida

Ku zaɓi daren da babu wata, tsakanin Oktoba da Disamba, bayan duhu ya kankama. Ku ajiye waya da tocila, ku ba idonku minti 20 ya saba da duhu. Ku fuskanci arewa ku nemi taurari biyar masu siffar harafin W, wani lokaci a kife kamar M. Harafin yana da tsini biyu. Wanda ya fi zurfi shi ke nuna wajen Andiromeda kamar kibiya. In kun kai wurin ba ku ga komai ba, kada ku ƙura masa ido. Ku ɗan kauce da kallonku gefe kaɗan, domin gefen ido ya fi tsakiyarsa kama haske mai rauni. Ku rubuta jimla uku a kan abin da kuka gani, da kwanan wata da ƙarfe nawa, ku zo da su aji.