Yadda za ka shirya doguwar tafiyar keke ta neman taimako daga Damagaram

Idan ka ba da sunanka a tafiyar keke ta neman taimako, irin wadda ake yi don tara kuɗin gyaran famfon wani ƙauye ko sayen bencina ga ƴan lakwal, ka sani alkawari ka ɗauka. Mai shago a Kasuwar Dole da ya ba ka jika biyu, da gwaggonka da ta kwance bakin zane ta ba ka dala ɗari, a kan maganarka suka bayar, cewa za ka tuƙa keke daga gari kaza zuwa gari kaza. Shi ya sa nake ɗaukar shirin jiki da na keke da muhimmanci daidai da kuɗin da aka tara. Yawancin waɗanda na ga sun kasa ƙarasawa, tun a gida matsalarsu ta fara, ko a tasha wajen loda keke.

Bari mu ɗauki misali don maganar ta zauna. A ce masu shiryawa sun ce za a tashi daga Birnin Ƙonni a ƙare a Zinder, wato Damagaram, bisa babbar hanya mai lamba 1. Wajen kilomita 475 ke nan: Ƙonni zuwa Maraɗi wajen 240, ta Malbaza da Galmi da Madawa da Gidan Rumji, sannan Maraɗi zuwa gida wajen 235, ta Cadawa da Agye da Gazawa da Tasawa da Takeita. Mutum mai matsakaicin ƙarfi zai raba wannan kwana biyar ko shida, kilomita 80 zuwa 95 a wuni. Lokacin da ya dace shi ne daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma ni ba zan ba kowa shawarar shiga irin wannan tafiya a lokacin ba, ko wane ne ya shirya ta. Sai dai sanyi ma yana da nasa. Iskar hunturu daga gabas maso arewa take kaɗowa, don haka mai fuskantar Zinder daga yamma iska zai yi ta sha a ƙirji tun daga hantsi. Nisan da ka saba yi a awa huɗu zai iya cin biyar da rabi. Idan kana da ta cewa a shirin, ka roƙa a tashi daga gabas a nufi yamma. Idan ba ka da ita, ka yi atisaye da sanin haka.

Atisayen yana son wata biyu zuwa uku. Ka fara da hanyar Mirriya, wadda zuwa da dawowa bai kai kilomita 40 ba, sau uku a mako, bayan sallar asuba da zarar gari ya yi haske. Kada ka yi tsere da kowa. Ka tuƙa a saurin da za ka iya yin magana ba tare da haki ba, ka zaɓi giya mai sauƙi ƙafarka tana juyawa da sauri, domin taka giya mai nauyi shi ke kashe gwiwa. Bayan mako uku ka ƙara nisa a rana ɗaya ta mako. Takeita tana wajen kilomita 50 daga Zinder, kuma tana da wani amfani na musamman: za ka tafi yamma iska na tura ka, ka juyo kana fama da ita da gajiya a jiki, wato daidai abin da ke jiranka a ainihin tafiyar. Ranar da ka je Takeita ka dawo ba ka kwanta ciwo ba, ka yi nisa a shiri.

Amma akwai abin da ya fi dogon zango ɗaya muhimmanci, shi ne hawa kwana biyu a jere. Kowane saurayi mai lafiya zai iya yin kilomita 90 sau ɗaya. Safiya ta biyu, lokacin da cinyoyi suka yi tsami kuma mazauni ba ya son ganin sirdi, ita ce ke nuna wanda ya shirya. A wata na ƙarshe ka yi haka aƙalla sau biyu, misali ka je Magarya, wajen kilomita 90, ka kwana wurin ƴan uwa, ka dawo washegari. Mako ɗaya kafin tafiya ka rage hawa sosai, ka yi barci, ka ci abinci. Kuma ka je likita a auna maka hawan jini, musamman in ka haura shekara arba'in. Mai sikila ko ciwon zuciya kada ya yanke shawara shi kaɗai.

Keke ba sai mai tsada ba. Tsohon keke na gwanjo mai giya, wanda ƙarfensa bai tsage ba, ya isa. Abin da ba na sassauci a kansa shi ne taya da birki da sirdi. Ka sa sababbin tayoyi, ka duba lambar da ke rubuce a gefensu, 26 ce ko 28 ko 700, domin da ita za ka sayi tiyub na ajiya, kuma a nan ne aka rubuta iyakar iskar da tayar ke ɗauka. Tsayin sirdi kuwa, ka hau ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa: ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Mutanenmu da yawa suna barin sirdi ƙasa don ƙafa ta taɓa ƙasa, wannan yana yi a cikin gari, a doguwar hanya kuwa gwiwa ce ke biya. Ka kai keken wurin mai gyara mako biyu kafin tafiya, ya ɗaure wayoyin ƙafa, ya sake robobin birki da wayoyinsa, ya zuba giris. Na ce mako biyu ne don ka sami damar hawa ka ji abin da bai zauna ba. Kada ka sa sabon sirdi ko sabon takalmi ana gobe tafiya. Sarƙa kuma kada a labta mata baƙin mai na mota, yashi yake tarawa yana cin haƙoran giya. Mai kaɗan mai tsabta, a goge da tsumma.

Ka koyi yin faci da hannunka. Masu faci suna garuruwa, ƙaya kuwa tana ko'ina, kuma tsidau da ƙayar aduwa sun fi kama taya a lokacin da ka sauka gefen kwalta don ba babbar mota hanya ko don neman inuwa. In za ka huta, ka ɗaga keken ka kai shi gindin itace, kada ka tura shi cikin ciyawa. A jakarka a sami tiyub biyu, kayan faci, ƙaramin famfo da ya dace da bakin tiyub ɗinka, sifana mai lamba 15, ƙananan makullan nan masu kusurwa shida lamba 4 da 5 da 6, wayar birki ɗaya, da fitila gaba da baya ko da ba ku da niyyar kai dare.

Maganar kuɗi ita ce na fi so a yi a fili. Tun farko ka tambayi masu shiryawa abu uku: wa zai riƙe kuɗin, me za a yi da shi takamaimai, kuma yaushe za a nuna wa mutane lissafi. Idan amsar ita ce "za a gani", ka janye sunanka cikin mutunci. Damagaram gari ne da kowa ya san wahalar ruwa, kuma in ka ce famfo za a gyara, mutane za su bayar da zuciya ɗaya, don haka nauyin ya fi yawa. Ka sayi ƙaramin littafi, duk wanda ya ba ka ko dala ashirin ce ka rubuta sunansa da ranar. Wanda ya aiko ta kamfanin aika kuɗi, Nita ko Amana, ka adana takardar. Sannan, kuma wannan ra'ayina ne da nake tsaye a kansa, kuɗin motarka da abincinka da tayoyinka daga aljihunka za su fito. In ba ka da hali, ka nemi mutum ɗaya ka gaya masa a sarari cewa guzuri kake nema, ka raba wannan da kuɗin taimakon, ko a littafi ko a aljihu. Kada ka hau hanya da kuɗin jama'a a jikinka, ka miƙa su kafin ka tashi a ba ka shaida. Bayan an gama aikin ka koma wurin waɗanda suka bayar, ɗaya bayan ɗaya in zai yiwu, ka nuna musu hoton famfon yana zuba.

Takardu ba su da yawa. Katin shaidarka, takardar sayen keke in kana da ita, da kwafin takardar izini da masu shiryawa suka karɓo daga hukuma. Ayarin mutane a kan kekuna yana jan ido, kuma a shingen jandarmomi za a yi tambaya, don haka ka tabbata an sanar da hukumomin jihohin da za ku ratsa, an kuma nemi shawararsu kan tsaron hanya a makon tafiyar kansa. Idan suka ce a ɗage ko a canza hanya, a bi maganarsu. Ka tambaya kuma ko akwai motar da za ta riƙa bin ayarin da ruwa da kaya da akwatin magani. Tafiya mai kwanaki ba tare da ita ba ganganci ce.

Sai kai keke wurin tashi, inda ake yawan asarar wahalar wata uku a safiya ɗaya. Ka je kamfanin bas, Rimbo ne ko STM ko wani, kwana biyu kafin tafiya, ka yanki tikiti, ka gaya musu da keke kake, a faɗa maka kuɗin kaya tun a lokacin. Bas ɗin da ke nufar yammacin ƙasa da asuba suke tashi, kuma cikin duhu da gaggawa ba lokacin ciniki ba ne. Ka nemi babban kwali wurin masu sayar da firiji ko talabijin. Ka cire ƙafar gaba, ka sassauta kan keken ka juya shi ya yi daidai da jiki, ka sauke sirdi bayan ka yi alama a ƙarfensa don ka gane tsayinsa. Ka cire feda da sifana 15, amma ka tuna ta hagu a juye take: ana kwance ta ne ta ɓangaren da ake ɗaure sauran kusoshi. Wanda bai sani ba sai ya yi ta ɗaure ta yana zaton tsatsa ce. Tsakanin ƙahonnin gaba, inda ƙafar ta fita, ka sa guntun katako ka ɗaure, don kada nauyi ya matse su.

Wurin da ya fi rauni a keke mai giya shi ne ɗan ƙarfen nan mai canza giya da ke rataye a ƙafar baya ta dama. In buhu ɗaya ya danne shi ya lanƙwashe, giya ba za ta ƙara shiga daidai ba, kuma ba kowane gari za ka sami irinsa ba. Ka naɗe shi da tsumma da kwali, ko ka kwance shi ka ɗaure a jikin keken. Lokacin lodi ka tsaya da kanka. Ka gaisa da yaran mota da mutunci, ka ce musu, "Don Allah samari, a tsaye za a sa shi, in kuwa za a kwantar, ɓangaren sarƙa ya kalli sama, kada a ɗora komai a kai." Ɗan abin shan shayi da za ka ba su ya fi kuɗin gyara sauƙi. Idan hiyas ka shiga aka ɗaura keken a sama, ka sa tsumma duk inda igiya ta taɓa, ka sake dubawa a kowane zango. Feda da kusoshi da kayan gyara su zauna a jakar da ke hannunka.

Ka isa garin tashi da kwana ɗaya a gaba, biyu in da hali. Zaman bas na sa'o'i yana kumbura ƙafa, kuma kana bukatar rana guda ka haɗa keken da haske, ka zagaya gari kilomita goma ka ji birki da giya, ka san inda mai gyara yake. A daren ka ci abin da cikinka ya saba, tuwo ko shinkafa da wake, ka bar ɗanyen ganye da duk abin da ba ka san yadda aka wanke shi ba. Ka kwana cikin sange ko da ana sanyi.

Ruwa kuwa ka sha tun ba ka ji ƙishirwa ba, domin busasshiyar iskar hunturu tana shanye gumi kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka zufa. Ka lissafa rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace awa. Gora ɗaya ta zama ta ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A aljihu ka riƙe dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ka ɗan ci wani abu kowace awa, fura kuma sai a zangon rana. Idan fitsarinka ya yi ja, ka ƙara ruwa. Idan kanka ya fara sarawa, ko ka ga abokin tafiya yana magana ba kan gado, a tsaya nan take, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a kira motar. Gawo yana da ganye a rani, kuma akwai shi da yawa a gonakin da ke bakin hanya tsakanin Maraɗi da Zinder, sai dai a duba ƙaya kafin a zauna.

Ku tashi bayan asuba, ku yi mafi yawan nisan kafin ƙarfe 11, lokacin iska ba ta gama tashi ba, ku huta har la'asar, ku isa masauki kafin magariba. Tafiyar ta wuce nisan ƙasaru, don haka ku tambayi malaminku tun a gida yadda za ku yi sallolinku. A kan kwalta ku bi dama a layi ɗaya, da hular kwano da riga mai haske, da rawani ko ƙyalle a hanci saboda ƙura. Wanda ke gaba yana tare wa na baya iska, sai ku riƙa karɓa-karɓa kowane minti goma, kuma na ƙarshe a layi shi ke ɗaga murya in tanka ko tirela ta taho, kowa ya rage gudu ya matsa gefe.