Idan Thunderbird na buɗo taga biyu

'Yan uwa masu shagon kwamfuta, in manhajar imel ta Thunderbird na buɗo muku taga biyu kullum, kada ku kashe kuɗin mota zuwa Dutse.

Ku rufe tagar da ta ƙaru da X, ku bar guda. Sannan ku rufe manhajar, ku sake buɗewa.

Manhajar na tuna yadda aka bar ta ne. In janareto ya mutu da taga biyu a buɗe, haka za ta dawo gobe.

In ta ƙi, ku rufe ta, ku goge session.json, fayil ɗin da ke tuna tagogin, cikin foldar profile, inda Thunderbird ke ajiye saitunanta. Saƙonninku ba abin da zai same su.

Amma in Windows ce ke kunna ta sau biyu, wannan ba zai yi ba. Ku danna maɓallin Windows da R tare, ku rubuta shell:startup, ku cire kwafin Thunderbird da ke cikin foldar da ta buɗe.