Kwanan daji da mota: kurakuran da muke tafkawa a hanyar hamada

Tun da samarinmu suka fara kallon bidiyon Turawan da ke mayar da mota ɗaki, suna yawo cikin hamada suna kwana duk inda dare ya riske su ba tare da biyan ko sisi ba, sha'awar abin ta shigo Daura da Katsina. Sai a sami tsohuwar Hiace, a kai wa mai walda ya cire kujerun baya, a shimfiɗa katifa, a ɗaura farantin sola a sama, wai an gama shiri ke nan. Ni ma da haka na fara, kuma yawancin kurakuran nan sai da na ɗanɗana kuɗarsu.

Uwar kurakuran ita ce kalmar nan "kyauta". Ka ƙetare iyaka ta Kwangwalam ka shiga Nijar, ka bar Matamaye da Damagaram a baya, ka miƙi hanyar Tanut, gonaki su fara ƙarewa, sai zuciyarka ta raya maka cewa nan ba na kowa ba ne. Ƙarya take yi maka. Filin da ka gani fetal makiyayar wani Bafulatani ce ko wani Buzu, ko kuma burtali ne da dabbobi ke bi. Wani dare mun sauka daga kwalta bayan isha'i, muka kashe fitila, muka ɗora shayi. Kafin ya tafasa mutum biyar sun zagaye mu da tocila da sanduna. Ban ga laifinsu ba. A zamanin nan na satar shanu, baƙuwar mota ta tsaya cikin duhu kusa da garkenka, me za ka ɗauka?

Gyaran ba shi da wuya: ka daina tafiya tun la'asar sakaliya, ka shiga ƙauye mafi kusa ka nemi mai gari. Washegari haka muka yi. Na durƙusa na ce, "Baba, baƙi ne daga Daura, wucewa za mu yi, muna neman inda za mu sa haƙarƙarinmu zuwa safe." Ya dube mu, ya dubi motar, ya ce, "Bismillah ɗana, ku ja ta bayan masallaci, nan ba abin da zai taɓa ku." Har fura aka aiko mana. Ka riƙa tafiya da goro, da sukari, da ganyen shayi. Can arewa ƙullin shayi da sukari ya fi takardar sefa buɗe fuska.

Sai zaɓen wurin kwana. Busasshen kwari, wanda mutanen Azbin, wato yankin duwatsun Agadas, ke kira kori, yana da jan hankali: yashi mai laushi, ga 'yan itatuwa, ga kariya daga iska. Daga Yuli zuwa Satumba kada ka kuskura. Ana iya tafka ruwa a kan duwatsu can nesa, kai ko tsawa ba ka ji ba, tsakar dare ambaliya ta biyo kwarin ta tafi da kai da motar. Ka hau tudu mai ƙasa tsandauri. Bakin rijiya ma ba wurin kwana ba ne, don tun asuba raƙuma da shanu za su cika wurin, ka zama ka tare wa masu ita hanya. Ka duba ƙasa kafin ka shimfiɗa tabarma, domin ƙarangiya in ta kama bargo sai ka kwana uku kana cira. Takalmi kuwa a cikin mota yake kwana, in ka manta shi a waje ka kakkaɓe shi da safe kafin ka zura ƙafa, kunama na son irin wannan ɗumin.

Akwai kuskuren da ba ya ba mutum damar gyarawa. A Disamba da Janairu sanyin duwatsun Azbin kan sauka har kusa da ƙanƙara, sai wani ya shigo da kaskon gawayi cikin mota ya rufe gilasai. Gawayi na fitar da iskar guba marar launi marar wari, tana sa barci mai nauyi, daga nan sai dai a buɗe ƙofa da safe a yi salati. Murhun gas da janareta da injin mota da aka bari yana aiki duk haka suke. Wuta a waje take zama, kai ka ƙara bargo, ka bar gilashi ɗaya a ɗan buɗe.

Ruwa kuwa muna lissafa shi da idon gari. Mutum ɗaya na buƙatar aƙalla lita 5 na sha a yini, ban da girki, kuma da bazara ya fi haka. Ka ƙara na kwana uku a kan lissafinka. Ka raba shi cikin jarkoki da yawa, don in ɗaya ta huje ba ka yi asarar duka ba. In ruwa ya ja baya, taimama halas ce, kada kunya ta sa ka ƙarar da na sha wajen alwala. Lissafin mai ma haka: abin da mota ke sha a kwalta ba shi take sha a yashi ba, kuma tsakanin Damagaram da Agadas, tafiyar kusan kilomita 450, ba ko'ina za ka sami gidan mai ba. Na kwalba in ya zama dole, a tace shi da ƙyalle.

In mota ta kafe a yashi, hannun sabon shiga kan tafi ga giya, ƙafarsa ga totur, yana ƙara haƙa wa kansa rami. Sauka za ka yi ka rage iskar taya, daga 35 ɗin da mai faci ya sa maka zuwa wajen 18, ka share gaban tayoyin da shebur, ka sa katako, ka fita a hankali. Ka tabbata kana da famfon mayar da iska kafin ka hau kwalta. Da sassafe yashi ya fi tauri. Gaskiyar da samari ba sa son ji ita ce, Hiace mai jan taya biyu ba motar tudun yashi ba ce, iyakarta gefen kwalta.

Mu zo kan gandun daji, inda dokar kwanan kyauta ta ƙare gaba ɗaya. Gandun Azbin da Tenere ya haura murabba'in kilomita 77,000. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1991, shekara guda bayan nan ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari. Ba a shigarsa da ka. Sai ka bi ta hukuma a Agadas, ka ɗauki jagora ɗan ƙasa, da mota fiye da ɗaya. Tawayen Buzaye na 2007 zuwa 2009 ya bar nakiyoyi binne a wasu sassan Azbin, don haka inda jagora ya ce kada a sauka daga sawu, ba a musu. Kada ka sari itace don dafa shayi, ka tafi da gas ɗinka. A wannan hamadar ce fa aka yi shahararriyar bishiyar Tenere, ita kaɗai tilo a tsakiyar yashi, amma a 1973 wani direban babbar mota ya samu ya buge ta. Gawarta na gidan tarihi a Yamai.

Wasu kuma da tsohon labari suke tafiya. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024, sannan a Janairu 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS. Abin da yayanka ya gani shekara biyar da suka wuce ba shi ne yau ba. Je tasha ka tambayi direbobin da suka dawo a makon, ka haɗa takardun mota da katin allurar shawara.

Shawarata ga mai farawa, ya gwada kansa a Yankari tukuna. Ba hamada ba ce, amma nan za ka koyi ladabin gandu. Daga ƙofar Mainamaji zuwa sansanin Wikki akwai kilomita 40 da 'yan kai, kuma a sansanin kaɗai ake kwana, ba a yin zango a daji inda giwaye ke wucewa. Masu zuwa da damina kan dawo suna cewa ba komai sai ciyawa. Ka bari sai rani ya yi nisa, Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da dabbobi ke taruwa bakin kogin Gaji. Ruwan Wikki na nan da ɗuminsa na digiri 31 dare da rana. Ka rufe mota kafin ka shiga wanka. Na bar gilashi ɗaya a buɗe, na dawo na tarar da gwaggon biri zaune a kujerar direba, ya yage ledar kilishinmu yana ci yana kallona.

In mota ta mutu a hamada, kada ka bar ta ka kama tafiya a ƙasa. Tana ba ka inuwa, kuma masu nema sun fi saurin hango ta. Amma sai an san ka ɓace za a neme ka, shi ya sa kafin in bar Daura nake rubuta wa ƙanena garuruwan da zan bi, da ranar da zai ji ni daga kowanne, da lambar jagoran da zai kira in kwana biyu suka wuce shiru.